Gwangwanayen Kawu Ari

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidanmu a Gure bayan sallar asuba ya san abin da nake nufi. Ga Kawu Ari, wan mahaifiyata, a gindin dogon yaro, ya tuɓe riga, yana ɗaga gwangwanaye sama yana saukewa, yana buɗe hannuwa gefe kamar zakara zai yi cara.

Ba son gayu ya sa shi ba. A wata jana'iza ya kai kafaɗa zai karɓi makara, sai wani saurayi ya ce, "Baba, huta, mun ɗauke maka." Ranar ko tuwo bai ci ba. Ashe tun suna soja suka yi alkawari da amininsa Malam Bukar, duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai ɗauke shi. Ga Malam Bukar kuma kwance ba lafiya.

Na ce in na je Damagaram zan sayo masa ƙarafan ɗagawa na gaske.

Ya ce, "In sayi nauyi? Nauyin da Allah ya cika duniya da shi kyauta?"

Sai ya ɗura siminti a gwangwanayen tumatir, ya haɗa su biyu-biyu da guntun ƙotar fartanya. Awon ido aka yi, don haka ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Kafin damina Kawu ya soma tafiya a jirkice.

Matarsa Inna Falmata ta ce, "Malam, wallahi ka karkace."

"Da kafaɗar dama zan ɗauki makarar. Ta hagu 'yar rakiya ce."

Wata safiya gwangwani ya suɓuce ya faɗa wa kazar Inna. Kafin ta fito daga ɗaki ya yanka, ya miƙa mata.

"Kin gani? Ke da kike cewa abin ba shi da amfani."

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba, amma romon ya sha.

Ko dubiya ya je, sai ya tsaya yana kallon maras lafiya daga kai har ƙafa. Malam Bukar ya gaji ya ce, "Ari, daina auna ni da ido, ban shirya ba tukuna."

"Ban ce ka yi sauri ba. Furar nan dai ka rage."

Da ranar jana'izar Malam Bukar ta zo, samari suka matso kamar yadda suka saba. Kallo ɗaya Kawu ya yi musu, suka buɗa masa. Ya sa kafaɗa tun daga ƙofar gida, ƙafa na nutsewa cikin yashi, ana ta miƙo hannu a karɓe shi yana girgiza kai, har bakin kabari. Ina bayansa, ina jin yana cewa a hankali, "Bukar, ashe haka ka rame." Mu da muka daɗe muna yi masa dariya, kunya ta kama mu, ni kam kuka na yi.

Bai cika shekara ba ya bi shi.

Allah ya jiƙan Kawu Ari, ya sauƙaƙa masa kwanciya, ya sada shi da amininsa a Aljanna. Amin.