Gawa a Ƙarƙashin Rufinmu

Wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin ina karatu a Alƙahira, muna haya a unguwar Faisal ni da abokina Sani, ina rubuta bincike a kan hukuncin tsarki a shari'ar Bani Isra'ila ta da. A wurinsu in mutum ya mutu a cikin tanti, duk wanda ke ciki ya ƙazantu har kwana bakwai, haka ma duk kwanon da aka bari a buɗe. Ni dai don jarrabawa nake karanta shi.

To, sai na yi kwana biyu hankalina ya ƙi kwanciya, in zauna in miƙe, in buɗe littafi in rufe, ruwan da muka bari a kofi kuma ya riƙa yin wani ɗaci. Sani ya ce daga famfo ne, ma'alish, wato ba komai.

Da hantsi na hau mikrobas, ƙaramar bas ta haya, zuwa Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Ina zama, wani dattijo da ke gefena ya janye rigarsa kada ta taɓa tawa, abin har ya ba ni haushi. Bai dube ni ba ya ce da Larabci, "Ya ibni, ɗana, kana kwana da gawa a ƙarƙashin rufi ɗaya."

Na ce, "Baba, babu wanda ya mutu a gidanmu."

Ya ce, "Koma ka hau sama." Ya sa direba ya tsaya, ya sauka abinsa.

Subhanallahi! A samanmu akwai Hajja Zainabu, tsohuwa Bahaushiyar Sudan mai zama ita kaɗai, takan aiko mana da abinci, amma mun fi mako ba mu leƙa ta ba. Na sauka na juyo, rabin hanyar da gudu na yi. Muka buga ƙofa ni da Sani, shiru, mai gadi ya zo ya ɓalle ta. Tana kwance a kan sallaya. Likita ya ce ta kwana biyu da cikawa.

A addininmu mumini ba ya zama najasa, na sani. Amma wane ne dattijon, a ina ya san gidanmu, har yau ban sani ba.

Jama'a, in kuna da tsoho a maƙwabta, kada rana ta faɗi ba ku buga ƙofarsa ba.