Baƙin Kabewar Baba Agogo

A saman bene yake zaune, ɗaki biyu da 'yar baranda, kuma duk layin Baba Agogo ake ce masa, har yaran da ba su taɓa ɗaura agogo a hannu ba. Ƙuruciyarsa kaf a wani ɗan shago ƙarƙashin matattakala ya ƙarar da ita, ido ɗaya cikin gilashi, yana tsintar ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. Da waya ta zo ta koya wa kowa duba lokaci a aljihu, kasuwarsa ta mutu a tsaye. Ya rufe shago, ya kwaso agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, ya jera su a bango. Har yau yana sa musu batir yana daidaita su, su ne masu motsi a gidan ban da shi.

Mai ɗakinsa ta rasu ta bar masa tukwanen shuka a baranda da wata kabewa da ta koya wa bin ƙarfen shinge. 'Ya'ya sun watse, kowa da inda abinci ya kai shi. Auta ce mai kira, kuma amsar da take samu ba ta canzawa.

"Lafiya lau, Auta. Mutane ma sun hana ni sakat, yanzun nan wani ya fita."

Ba wanda ya fita, don ba wanda ya shigo. Abokansa wasu sun riga mu gidan gaskiya, sauran gwiwa ta hana su hawa bene. Kewa na cin sa kamar gara a cikin katako, amma ya gwammace ta cinye shi da ya ɗora wa 'yarsa damuwa. Dattijo ne mai taurin kai, wanda yake ganin faɗin "ba ni da kowa" daidai yake da fita titi ba riga.

Auta tana aiki a wani gari mai nisa, tare da masu binciken ƙwarin da ke yawo daga fure zuwa fure suna sa tsiro ya yi 'ya'ya. Mutane daga ko'ina suke turo musu hotuna, su kuma su tattara, su raba wa duk mai son sanin inda ƙudan zuma ke ƙaruwa da inda yake ƙarewa. Zuwanta na ƙarshe ta sa masa manhajar aikinsu a waya, ta nuna masa ƙa'ida: ya zaɓi shuka ɗaya, ya zauna minti goma da safe, duk abin da ya sauka a fure ya ɗauka ya tura. Idan ba abin da ya sauka, akwai wurin dannawa a ƙasa.

Aikin ya zo daidai hannunsa, don mutumin da ya saba da cikin agogo ba ya rawar hannu. Ya koyi bambanta ƙudan zuma da wani ƙuda mai kwaikwayon rigarsa, wanda ya raɗa wa suna Ɗan Aro. Akwai wani baƙin ƙwaro mai ƙiba da ke shiga furen kabewa ya fito jikinsa duk rawaya, shi kuma Babban Baƙo. In sun sauka har sannu da zuwa yake musu.

Sai aka share filin da ke bayan gidan, mai ciyayi da furannin da ba wanda ya shuka, aka kafa dogon gini. Baƙi suka fara ɗaukewa. Furen kabewa ya buɗe da safe, ya yi ta jira, ya rufe, ya faɗi ba ɗa. Baba Agogo ya dubi wurin dannawan nan na ƙasa, ya ji yatsansa ya yi nauyi. A rubuta wa duniya cewa barandar mai ɗakinsa ko ƙuda bai leƙa ba? Sai ya sake dabara. Minti goma ya cika ya ƙi tashi, ya zauna har rana ta take, har wani ɓataccen ƙwaro ya ratso, ya ɗauka ya tura. Ranar da ko wannan bai samu ba, ya kife wayar bai tura komai ba. Shi da bai taɓa yarda agogo ya yi ƙarya ba!

Wata safiya Auta ta kira, bayan gaisuwa ta ce, "Baba, inuwar hotunanka ta koma ta tsakar rana. Minti goma ne kuwa?"

"Yau kuma ni za a koya wa lokaci?"

"Wane ni. Amma a wurinmu barandarka ta fi ko'ina albarka a unguwar, kullum da baƙo. In ana neman inda za a shuka wa ƙwarin nan furanni, za a tsallake ku, a ce ba ku da matsala. Ranar da babu, Baba, ita muka fi buƙata. In ba a faɗa mana ba, ta yaya za mu sani?"

Ya ce yana da baƙi, ya kashe waya. Ya yini yana fushi, yana zagaya ɗaki, agogunan bango suna ta ƙas-ƙas.

Washegari ya fito da kujerarsa. Fure ɗaya ne ya buɗe, babba, rawaya shar. Ya duba lokaci, ya zuba ido. Iska ta kaɗa ganye, a ƙasa wata mota ta yi ham, ma'aikatan sabon gini suna ta buga guduma. Minti goma ya cika cif, ba abin da ya sauka. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya danna wurin nan na ƙasa.

Bai kai ga miƙewa ba wayar ta yi ƙara, Auta ce.

"Na gani, Baba. Na gode. To ya jama'ar gida? Suna nan suna hana ka sakat?"

Amsar kullum ta zo masa har bakin leɓe. Ya juya ya dubi cikin ɗaki, kujerar baƙi ga ta can da jaridu jibge a kai, kofuna a kife sun yi ƙura, guda ɗaya kawai ake wankewa.

"Auta," ya ce, "tun ranar da kika tafi ba wanda ya hau benen nan. Kewa ta ishe ni."

Ta ce, "Kar ka kashe, Baba. Gyara zama ka ba ni labari tun daga farko."

Ya ja kujerar zuwa inuwa, ya zauna.