Kumatun da na aika wa Inna

Salamu alaikum, jama'ar zaure. Wata goma sha huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka neme ni na ce musu aiki ne ya yi yawa. Ƙarya na yi. Jinya na yi, kuma ni na jawo wa kaina, shi ya sa bakina ya yi nauyi.

Duk wanda ya san ni a Kano ya san Tsinke ake kirana. Ko tuwon gida goma na ci, haka nake. Da na zo Doha aikin gadi, na ɗauki hoto na aika wa mahaifiyata. Na kira ta, sai ta ce, "Auta, ba sa ba ku abinci ne? Maƙwabta sun ce kamar ba ƙasar Larabawa kake ba."

Maganar maƙwabtan nan ita ta tsaya min a rai.

Wani direba ya haɗa ni da ƙwayar ƙiba, wadda a gida ake ce wa sha-ka-fashe. Sunanta na asibiti deksametason. Riyal goma sha biyar kati ɗaya. Ƙato da ni, da gemuna, na dinga haɗiyarta a ɓoye a banɗaki har wata takwas.

Ta yi aiki kuwa. Kumatu suka cika, tumbi ya fito, wani tozo ya tsiro min a bayan wuya. Ƙafafuna suka ƙara sirancewa, fatar cikina ta tsattsage. Ban damu ba, tunda hoto a ƙirji yake tsayawa. Na je unguwar Mushairib na ɗauki sabo na aika gida.

Da azumi ya matso, na ce na tuba, shi ke nan. Rana ɗaya na daina sha, a zatona abin kirki na yi.

Kasala ta fara zuwa, sai amai, sai jiri da ciwon ciki. Rana ta biyar da hantsi na yanke jiki na faɗi a bakin ƙofar gidajen da nake gadi a Al Aziziya.

Wanda ya same ni a asibiti Baba Alhassan ne, dattijon ɗakinmu, mutumin Kumasi, shi yake jan mu salla. Shi ne kuma tafintana, don Turancina bai wuce na buɗe ƙofa da rufe ƙofa ba.

Jinina ya yi ƙasa sosai. An ƙara min ruwa leda biyu, bai tashi ba. Likitar ta dubi fuskata, ta taɓa tozon nan, ta ce a tambaye ni ko ina shan wani magani.

Na ce a'a. Ta sake tambaya, na sake cewa a'a.

Ina ji ƙarfina yana tafiya, amma kunyar Baba ta fi min tsoron mutuwa. Wallahi haka na ji.

Sai Baba ya sa hannu a aljihu, ya ɗan leƙo min da katunan ƙwayar da na shanye. Ya sunkuyo ya ce, "Na ɗaga katifarka ina neman katin asibitinka. Ɗana, ka faɗa da bakinka. Gara in fassara wannan da in kira uwarka da wani labarin."

Na faɗa. Ina kuka na faɗa.

Nan take aka yi min allurar haidirokotison ta jijiya. Kafin la'asar na fara gane mutane.

Daga baya likitar ta zana min ƙoda a takarda, da wata 'yar tsoka a samanta kamar hula. Ta ce ita ke samar da sinadarin da ke riƙe jini da ƙarfin jiki. Ƙwayar da nake sha irin aikinsa take yi, don haka tsokar ta ga an ɗauke mata aiki, ta kwanta barci. Da na daina rana ɗaya, jikina ya nema ya rasa.

Abin dariya abin haushi, maganin da aka ɗora ni a kai ɗan'uwan ƙwayar ne, sai dai shi da ƙa'ida. Kaso mafi yawa da safe, kaɗan da rana, ana ragewa sannu sannu. In zazzaɓi ya kama ni, in ƙara yadda aka rubuta min. Aka ba ni kati in riƙa yawo da shi ko da zan sake faɗuwa.

Azumin waccan shekarar ban yi shi ba. 'Yan ɗaki na azumi, ni ina haɗiyar magani da ruwa, ido a ƙasa. Albashin wata biyu ya tafi. Kullum ina fargabar kafil, ubangidan da ya kawo ni aiki, zai ce in tattara, Allah ya rufa asiri.

Wata tara ina zuwa asibiti ana ɗibar jinina da ƙarfe takwas na safe. A ƙarshe aka yi min wata allurar gwaji, likitar ta duba sakamakon ta ce tsokar ta farka.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan da ta yi ta tambaya. Baba kuwa har yau bai faɗa wa kowa ba, ni ne na faɗa yanzu.

Don Allah kada ku sha ƙwayar ƙiba. Wanda ya riga ya fara, kada ya daina rana ɗaya, ya je asibiti da katin ƙwayar a hannunsa. In likita ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya tun a karon farko.

Watan jiya na je gida hutu, Tsinkena sak. Hoton kumatun yana rataye a ɗakin Inna. Na zauna a gabanta na faɗa mata komai, har da maganarta da ta tsaya min a rai.

Sai ta tashi ta sauke hoton, ta kife shi a kan gado.

Ta ce, "Ka yafe min, Auta. Maƙwabta ne suke yabonsa. Ni kullum na duba, ɗana nake nema a ciki."