Muryar manomin Geza

Aikina shi ne in shiga ƙauye da kyamara, in dawo wa ƙungiyoyin agaji da labarin da zai faranta ran masu ba su tallafi. Ba ni da ofis. Duk wadda ta kira ni, ita nake yi wa aiki. Wata damina, ɗaya daga cikinsu ta tura ni Geza in ɗauko hirar wani manomi da ya gwada irin shinkafar da suka raba, mai jure ambaliya.

Ban taɓa haɗuwa da mai surutu irinsa ba. Na tambaye shi shinkafa, ya ɗauko mini labarin yadda yake tsallakawa Benin cin kasuwa, har da kwaikwayon Faransancin jandarmomi. Daga nan ya zarce da waƙar da mahaifiyarsa ke yi masa yana yaro in tana daka. Tsohuwar na zaune a ƙofar ɗaki, makauniya ce, tana jin komai.

"Ƙarya kaka yi," ta ce. "Ba haka waƙar take ba."

Ya sake rerawa, ta sake gyara masa, suka yi ta dariya. Ni kuwa haushi nake ji, rana na dukana, ga shi na san a ofishin ƙungiyar ba abin da za su ɗauka a ciki sai 'yan jimloli a kan shinkafa. Na bar kyamara tana ɗauka don kawai ina jin nauyin katse shi.

Ƙa'idar aikin ita ce in ka gama, ka miƙa musu katin kyamara, ka goge duk abin da ya rage a wurinka. Sun ce don kare sirrin mutanen ƙauye ne. Na miƙa, na goge. Suka yanka hirar ta koma ɗan gajeren bidiyo, suka sa kiɗa, suka ɗora muryar wani mutum yana fassarawa da Turanci a kan maganarsa. Aka yaba mini, na wuce wani aikin.

Bayan an ci wata damina, ƙanen manomin ya kira ni. Kwale-kwale ya kife da yayansa a kogi suna dawowa daga kasuwa. An yi jana'iza, an gama zaman makoki. Ya ce ba don wannan kaɗai ya kira ba.

"Inna ta ce ke ɗauki muryatai ranan nan. So take ta ji ta. Hoto bai yi mata komi, kin dai san lalurarta."

Na kira ofishin. Wata yarinya mai ladabi ta ce an rufe shirin, wanda ya kula da shi ya bar aiki, kuma duk hirarrakin da ba a tace ba an goge su kamar yadda doka ta ce. Na ɗaga mata murya, abin da bai kamata ba, don ba ita ta kafa dokar ba. Amma har yau raina a ɓace yake. Sirrin wa aka kare? Hotonsa na nan a shafinsu na intanet yana murmushi rungume da damin shinkafa, duniya na kallo. Muryarsa ce kaɗai ta zama sirri.

Bidiyon ne ya rage. Na yi ta shawara da kaina ko in ce musu babu komai, daga baya na kama hanyar Bagudo, na hau babur zuwa Geza.

Na sami tsohuwar a wannan ƙofar ɗakin, ta rame ƙwarai. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ɗiyata, kin taho da shi?"

"Inna, ɗan kaɗan ne."

"Ko kaɗan na, sa mani."

Na kunna wayar na kai kusa da kunnenta. Kiɗa ya fara. Masu haɗa irin wannan bidiyo sukan bar farkon maganar mutum kafin mai fassara ya shigo, don a san da gaske ne. Sai ga shi ya yi gyaran murya, ya ce, "To, ni dai…"

Tsohuwar ta zabura. "Shi na!"

Nan take Turanci ya rufe shi. A fuskar wayar bakinsa na ta motsi, ita ba ta gani. Ta ƙara matso da kunne, tana neman sa a ƙarƙashin muryar baƙon. Ƙanensa ya tashi ya fita daga gidan.

Ta girgiza hannuna a hankali.

"Ɗiyata, ce ma wanga mutum shi dakata. Ɗana bai ƙare magana ba."