Ludayin da Ya Fasa Gilashin Yayana

Shekarun baya, ina zaman zamana a Gumel abokina ya jawo ni cikin rigimar da ba ni da ko zare a ciki. Ya je Maigatari ranar kasuwa, ya tsinto sandunan wasan golf na Turawa guda biyu da ƙwallo ɗaya a wajen masu gwanjo, wai sai na kai shi fili mun gwada. Ni kuma ranar adaidaitar yayana ce a hannuna, ya ba ni in kai wa mahaifiyarmu niƙa. Sabon gilashi ya sa mata, ya kuma rantse ko ƙwarzane ya gani na gama taɓa makulli.

Sanda ɗaya gajera ce, kanta ƙarfe mai nauyi. Ɗayar doguwa, kanta ƙato amma fanko, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar gwangwani. Nan take na raɗa mata suna ludayi.

Abokina ya ce, "Mutumina, ka matsar da keken nan."

Na ce, "Kai dalla! Can ƙarshen fili fa yake."

Ya ɗauki mai nauyin ya maka. Ƙwallo ta yi sama kamar za ta gaida wata, ta dawo ta faɗi nan kusa. Muka yi ta dariya. Na ce to in gudumar ma iyakarta ke nan, ba ni ludayin in dama fura.

Na kai duka na sami iska. Na sake, na tono ƙasa. A na gaba sai na ji ƙwas! Wallahi ban ga tafiyarta ba. Sai ƙara daga can nesa: tas!

Innalillahi. Muka tsaya baki buɗe. Gilashi ya yi tsaga kamar yanar gizo.

Sai daga baya na gane abin da tun muna yara muka sani a gonar gero: majajjawa mai doguwar igiya ta fi jifa nesa. Tsawon sandar ne ke sa kan ya zo da gudu, fuskar kuma siririya ce, tana tunkuɗa ƙwallo kamar fatar ganga. Ita gajerar fuskarta a kwance take, aikinta ɗagawa sama. Har yau in na ga golf a waya sai gabana ya faɗi, kuma yayana bai sake ba ni makulli ba.

A ranar da muka koma gida, abokina ya dage wai iska ce ta ɗauke ƙwallon, don abu marar nauyi ba ya zuwa nesa. Mahaifiyata tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce:

"Ɗan nan, in nauyi ke kai abu nesa, ai da tuni turmina ya je Makka."