Lamba Goma Sha Huɗu a Kan Ƙusa

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan da ya share shanun ƙasarmu na shiga aikin haƙar rijiya. Ba gwaninta ce ta kai ni ba, yunwa ce. Rumbunmu ya daɗe da zama makwancin kaji, kajin ma mun cinye su, ga matata da ciki, ga tsohuwata ba ta iya komai. Sai aka ce an buɗe shantiye, wato sansanin aikin rijiya, a wani fili tsakanin Dungas da Guci, ana ba kowane ma'aikaci tiya guda ta jar dawar taimako a rana. Ban tsaya shawara da kowa ba na tafi.

Mu goma sha shida ne, da shugaban aikin da muke kira Shef. Na yi aiki a ƙarƙashin mutane da dama a rayuwata, masu zagi da masu cin haƙƙi, amma ban taɓa jin tsoron wani kamar mutumin nan ba, alhali bai taɓa ɗaga mini murya ba. Bai taɓa tauye wa kowa ko ƙwayar dawa ba. Idan ya auna tiya, sai ya tula ta har ta zubo. Sai dai ba ya gaisuwa, ba ya tambayar gida, kuma bai san sunan ko ɗaya daga cikinmu ba. Ran da ka zo zai miƙa maka wani ɗan faifan ƙarfe mai igiya, da lamba a jiki, ya ce, "Ka yi, a ba ka. Ba ka yi ba, ba a ba ka." Huɗubar ke nan gaba ɗayanta. Ni na zama tara.

A gindin wata aduwa aka jingina allon katako mai ƙusoshi goma sha shida. Da safe kowa ya cire lambarsa ya rataya a wuya. Da la'asar Shef ya buga ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a reshe, kowa ya mayar da tasa kan ƙusa. Wanda lambarsa ke kan allo ya karɓi tiyarsa. Wanda tasa ba ta nan ya kwana da yunwa, ko da yana tsaye a gaban Shef yana zufa. Akwai wanda ɗansa ya rasu da hantsi, ya ruga gida da lamba a wuya, washegari ya zo yana bayani. Shef ya saurare shi har ƙarshe, ya dubi allo, ya ce, "Jiya ƙusar shida babu komai." Ba mugunta a fuskarsa, abin da ya fi damuna ke nan. Da ya yi fushi da na fi samun natsuwa.

Dokokinsa kaɗan ne, kowa ya haddace su. Wanda ya fara fito da jiƙaƙƙen yashi yana da buhun dawa guda, nasa shi kaɗai. Wanda aka samu a cikin rami bayan an buga ƙarfe, ko wanda ya taɓa lambar wani, an kore shi. Rijiyar da ta kai gaba ashirin ba ruwa kuwa, a ranar za a cike ta, don kada yaro ko dabba su faɗa. Kafin rijiyar da zan ba da labarinta mun cike guda a wajen Sassumbrum. Da muka gama, Shef ya sa aka ja reshen ƙaya a kan wurin har sawunmu ya ɓace. Daga ranar ko ka ambaci rijiyar nan sai ya dube ka kamar kana ba shi labarin mafarki. A wurinsa aikin da bai kammala ba, ba a taɓa yin sa ba.

Kwanakin baya jikata da ke aikin ofis a Damagaram take yi mini bayanin na'urarsu mai ƙwaƙwalwa. Ta ce in ta kama aiki, ko dai ta gama shi ɗungurungum, ko ta mayar da komai yadda yake kamar ba a taɓa ba, kuma ba ta yarda da komai sai abin da aka shigar mata. Na ce mata na san ta, na yi aiki a ƙarƙashinta tun kafin a haifi uwarki, lokacin tana sa kaki da malafa. Ta yi ta dariya, ni ban yi ba.

Lamba goma sha huɗu wani Bafulatani ne da ya girme ni nesa ba kusa ba. Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini Kaɗo. Kafin fari yana da garke da gona, fari ya bar masa sanda da mata da 'ya'ya mata uku a wata bukka can bayan shantiye. Dogo ne siriri, ga tsokana. Kullum sai ya ce mu Haɓe ba mu iya komai ba sai tonon ƙasa kamar gafiya, ni kuma in ce to ga shi yau gafiya ce ke riƙe masa igiya. Shi ya fi kowa son shiga ƙasa. Ya ce can ya fi sanyi, kuma ba ƙasusuwan shanu da zai gani.

Aikina shi ne tsayuwa a bakin rami. Mutum ɗaya ne ke iya tsayawa a ƙasa, ya cika guga da ƙasa ya girgiza igiya, ni in ɗaga hannu, mai raƙumi ya ja. Mai raƙumin yana can nesa ya ba mu baya, bai san ko ƙasa ya jawo ko mutum ba, bai kuma damu ya sani ba, tunda ba don wannan ake ba shi tiya ba. Sauran suna wajen kwaɓa siminti, kowa idonsa a kan abin da ke gabansa. Haka muka zama a wurin nan, ba wanda ke kallon aikin wani. Saboda haka abin da ke cikin guga ni kaɗai nake gani.

Rami mai zurfi yana da wani hali. In ka leƙa, ba ka ganin mutum, sai baƙi, sai wani sanyi mai warin tsohuwar tukunya ya bugi fuskarka. In na ƙasa ya yi magana, muryar takan iso kamar ba daga bakin mutum ta fito ba. Amma shi na ƙasa yana jin komai na sama tar, har tarin mutum. Baffa ne ya gaya mini haka.

Ranar da nake ba da labari, rijiyar tana dab da gaba ashirin. Ana kusa da la'asar guga ya fito, na ga lambar Baffa kwance a kan ƙasar. Na gane nufinsa nan take, don ba mu muka fara ba. Dabara ce da ma'aikata ke yi a ɓoye: in na ƙasa yana jin ya kusa ruwa, sai ya aiko da lambarsa, abokinsa ya rataya masa, ya samu tiyar ranar, shi kuma ya ci gaba da tono. In Shef ya shiga tantinsa sai a fito da shi. Na leƙa na ce a hankali, "Baffa, ka tabbata?" Muryar ta taso, "Ƙasa ta yi sanyi, Kaɗo. Buhun nan na 'yan matana ne." Na dunƙule lambar a hannu, na mayar masa da guga. Da aka buga ƙarfe na shiga cikin turmutsutsu na rataya tawa, na rataya tasa. Ba wanda ya lura.

Shef ya dubi allo, ƙusoshi sun cika. Amma maimakon ya buɗe buhun awo, sai ya nufi bakin rami da igiyarsa mai ƙulle-ƙulle da dutse a baki. Ya zura ta a gefen bango, ya jawo, ya duba. Ya ce, "Gaba ashirin. A cike. Wanda ya riƙe shebur har aka gama yana da ƙarin tiya."

Kafin ya rufe baki mutane sun ruga sun ɗauko shebur. Tulin ƙasar da muka yi wata biyu muna fitarwa yana nan dab da rami. Na ji ƙarar shebur na farko, na ga ƙasa ta tafi cikin duhu, ban ji saukarta ba.

A nan ne nake jin kunyar kaina har gobe, kuma ba zan gyara labarin ba. Ban yi ihu ba. Na tsaya da bakina a buɗe ina tunani. In na yi magana an kore ni, an kori Baffa. Matata za ta haihu a gidan da ba hatsi. Na ce a raina ai shi zai yi ihu, in ya yi ba ni na tona ba. Na kasa kunne. Ba abin da ke fitowa daga ramin nan sai ƙura. Maza goma sha huɗu suna zuba ƙasa, har wani ya ɗauko waƙar aiki, sauran suna amsawa. Rana tana nan fayau, inuwar aduwa ta miƙe har kan allo, komai lafiya lau a ido. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Na dai san an kai baiti na biyu.

Sai na ji murya tana cewa, "Akwai mutum! Akwai mutum a ƙasa!" Ashe tawa ce.

Wasu suka dakata, wasu ba su ji ba. Shef ya waiwayo, bai dube ni ba, allo ya duba. Ya ce, "Ba kowa a ƙasa."

Na ce, "Shef, wallahi Baffa yana ciki! Goma sha huɗu!"

Ya nuna da haɓa. "Ga goma sha huɗu can. A ci gaba."

Sai na gane ba gardama yake yi da ni ba. Iyakar abin da ya sani ke nan. Waɗanda suka dakata suka dubi juna, suka dubi Shef, na ga wani ya sake cusa shebur a ƙasa. Ƙarin tiya ba wasa ba ne a shekarar nan. Na ruga gindin aduwa, na fizge lambar Baffa daga kan ƙusa har igiyar ta tsinke, na ɗaga ta sama ina haki.

Shef ya dubi ƙusar da ba komai a kanta. Ya ɗaga hannu ya ce, "A tsaya. Akwai mutum a ƙasa." Da irin muryar da ya ce a cike, da ita ya faɗa.

Ni aka zura. Ƙura ta cika ramin, ina tari ina laluben bango, har ƙafata ta taka wani abu mai tauri. Guga ne. Baffa ya kifa shi a kansa ya manne da bango, ƙasa ta binne shi har ƙirji. Na tone shi da hannuwana, na ɗaura masa igiya a hammata. Da aka fito da mu ya zauna a bakin rami, fari fat da ƙura, idanunsa kaɗai ke motsi. Can ya buɗe hannunsa na dama. Yashi ne dunƙule, baƙi, jiƙe sharkaf, har da shatin yatsunsa.

Mutane suka yi kabbara. Wani ya ce, "Shef, ruwa! Ga ruwa!" Shef ya sunkuya ya duba, ya ce, "Bayan ƙarfe ne. Ba a lokacin aiki ya fito ba." Ya karɓi lambar Baffa daga hannuna, ya je ya cire tawa daga kan ƙusa, ya zuba su a aljihu. Ya ce tara da goma sha huɗu sun tashi daga aiki, sauran su ci gaba. Suka ci gaba kuwa. Muna tafiya muna jin ƙarar shebur a bayanmu, suna binne ruwan da garuruwa uku ke jira. Waƙar ce dai ba wanda ya sake ɗaukowa.

Na raka Baffa zuwa bukkarsa, yana ɗingishi, hannuwanmu ba komai. Haushi da kunya suka haɗu mini, na rasa wanda zan sauke wa sai shi. Na ce, "Baffa, kai wane irin mutum ne? Ana binne ka da rai, ba za ka yi ihu ba?"

Ya tsaya ya tofar da ƙasar da ke bakinsa. Ya ce, "Na ji ka, Kaɗo. Na ji lokacin da ka yi shiru. Kowa na motsi, ƙafarka kaɗai ce ba ta motsa ba."

Na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Iyalina na tuna. Ka yafe mini."

Ya ce, "Me zan yafe? Ni ma ina ƙarƙashin guga ina cewa, in na yi ihu an kore ni, in na yi shiru lambata na kan ƙusa, ko ba komai za a ba yaran tiyar yau. Ina cikin wannan tunanin ka katse ni, ban kai ga yanke shawara ba."

Da ya zage ni, ko ya ɗaga sandarsa ya rafka mini, da na ji daɗi. Amma ya faɗi maganar ne a sanyaye, da irin muryar Shef, kuma na fahimce shi sarai ba tare da na yi mamaki ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro a duk abin da ya faru ranar. 'Yan matan suka hango mu, suka rugo da ƙwarya a hannu don karɓar dawa. Baffa ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in juya in tafi gida kafin su iso.