Akushin da Aka Ware Mini a Madawa

Har yau in na ji ƙamshin man shanu da aka soya da albasa, sai hannuna ya tsaya kafin ya kai ga tuwo. Shekaranjiya ma haka ta faru, har matata ta tambaye ni ko gishiri ne ya yi yawa. Ba gishiri ba ne. Wani ɗan akushi na tuna, a wani gida a Madawa, shekarar da na ci jarrabawar shiga koleji.

Ƙauyenmu yana kan dutse ne can bayan Ibohaman, kuma a lokacin duk yaron da ya ci jarrabawa sai an nema masa gidan zama a birni. Babana kan je Madawa da rani aikin lambun albasa, don haka ya roƙi mai lambun ya riƙe ni. Kada ka yi dariya, mai karatu, amma a wurina Madawa ƙasar waje ce, tun da ban taɓa wuce kasuwar Keita ba. Babana ya faɗa mini ƙarara: in lakwal, wato makaranta, ta koro ni, ko mai masauki ya gaji da ni, babu wani gida na biyu, sai in dawo in ɗauki hauya.

Kakata, uwar babana, ba ta so tafiyar ba. Mace ce da ko kazar maƙwabta ta shigo gidanmu sai ta so sanin wa ya aiko ta. Iyayenta sun zauna a hannun makiyayan arewa, ta tashi da harshensu a bakinta, ta kuma tashi da yardar cewa duk wanda ya ba ka abu akwai abin da yake nema. Ranar tafiya ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli a tsumma, ta kama kunnena.

"Ka ci abin da kowa ka ci," ta ce. "In anka ware maka naka kai ɗai, kak ka taɓa, balle in da daɗi. Mai sammu ba ya sa shi cikin abu marar daɗi."

Gidan mai lambun babba ne, komai na cikinsa warin albasa yake, har tabarmi. Da safe a kawo koko a babbar roba, kowa da ludayinsa. Da rana ƙwaryar fura ta zaga daga hannu zuwa hannu. Waɗannan na sha hankali kwance. Amma bayan magariba, sa'ad da samarin gidan suka kewaye babban kwano a tsakar gida, sai uwar gidan, wadda nake kira Inna, ta biyo ni bakin zaure da ɗan akushi rufe da faifai. Na buɗe. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa, man shanu yana yawo a sama. Sai kunnena ya tuna da yatsun kaka.

Daga ranar na zama mai gadi. Na lura tun miya ba ta nuna ba Inna ke kwashe tawa a wata ƴar tukunya. Na lura takan shiga ɗaki ta fito da kwalba a ƙarƙashin zane, ta ɗiga a tawa kaɗai. Miyar samarin kuma wani ƙarni take yi wanda ban taɓa ji a gidanmu ba. Ka gaya mini, wace uwa ce za ta hana ƴaƴanta mai ta ba ɗan wani? Wata rana in ce so take ta kashe mini ƙwaƙwalwa don ƴaƴanta su fi ni. Wata rana in ce asalinmu aka gaya mata, ba ta so hannuna ya shiga kwanonsu. Wannan na biyun ya fi yi mini ciwo.

Akwai wata akuya ɗaure a bayan zaure. Ita na mai da abin gwaji. Kullum in juye mata tuwon, in wanke akushin, da safe in leƙa in ga ko ta mutu ko ta haukace. Har sanyi ya shigo, aka gama dashen albasa, akuya sai sheƙi take. Ban saki jiki ba, na ce wannan sammun irin mai aiki a hankali ne.

Ƙuli-ƙulin kaka ya ƙare. Koko da fura ba sa riƙe yaro mai tasowa, na koma gyangyaɗi a aji, makina ya yi ƙasa, har dirakta ya ce in ban gyara ba, ƙarshen shekara gida zan nufa. Inna ta fara bin wuyana da ido in na wuce. Ni kuwa na ɗauka dubawa take ko maganin ya fara ci. Wata safiya muna tsaye gaban tuta, ƙasa ta juya da ni, na farka ana yayyafa mini ruwa. Maigidan ya ce shi ba zai riƙe ɗan mutane yana lalacewa a hannunsa ba, ya aika ƙauye a zo a ɗauke ni. Na shiga zaure na yi kuka, don ina son karatun nan kamar raina.

Kaka ce ta zo da kanta, a motar ƴan kasuwa ta hanyar Buza. Ta ƙi ruwan da aka miƙa mata. Ta zauna a tabarma tana ƙare wa gidan kallo har magariba, sai ga Inna da akushi biyu, ɗaya nata, ɗaya nawa. Kaka ta buɗe, ta sunsuna, ta rufe.

"Ɗiyata, tambaya gare ni," ta ce. "Mi yas sa ɗiyanki ka ci kwano guda, jikana shina ci shi ɗai? Hannunai na da dauɗa?"

Inna ta dafe ƙirji. "Subhanallahi, Iya! Ai don kihi na. Miyarmu ba ta rabuwa da busasshen kihi. Ubanai ya taɓa ce ma maigida gidanku ba a shiga da kihi, kamar na mutanen arewa. Shi yas sa nika kwashe tashi kahin in sa, in ɗiga mai ɗan mai don kada ta yi lami."

Kaka ta sake ɗaga faifan ta leƙa miyar.

"Ni ɗai ta ba ni ci," ta ce a hankali. "Uwata ba ta ci ba, ni ko warinai ban so. Amma wanga yaro, dutsi ɗai na bai ci."

Inna ta juyo gare ni. "To, ɗana, tuwon da nika ba ka, ina shika zuwa?"

Idona ya tafi bayan zaure, idon kowa ya bi shi, ga akuya tana tuƙa, wuya ya yi kauri. Samarin suka faɗi ƙasa don dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Daga baya na ji cewa man nan ƙanwarta ke aiko mata daga Galma, don ita kanta, kuma tun zuwana ba ta lasa ba. Kunyar ranar har yanzu ba ta sake ni ba.

Kaka ta jawo akushinta ta yi bisimilla ta cinye tas, karo na farko da na ga ta ci abinci a gidan da ba na dangi ba. Washegari ta roƙi maigidan ya bar ni, ya bar ni. Da na raka ta tasha ta sake kama kunnena ta ce, "Matar kirki ta. Amma dai ka riƙa lura."

Aka mai da ni babban kwano. Na san kifi, na san yaƙin hannu, man shanu kuwa ban sake ganinsa ba. Na haye ajin gaba da kyar, akuya ta koma yadda Allah ya yi ta.

Yanzu akwai koleji kusa da ƙauyenmu, yara na kwana a gidan iyayensu, kaka da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Bana ɗan ƙanwata ya zo wurina a Buza don karatun gaba. Ranar da ya sauka matata ta so karrama shi, ta zuba masa nasa daban, har da nama. Na ga hannunsa ya tsaya a kan murfin. Na ɗauki kwanon na juye a cikin namu, na tambaye shi me tsofaffin gida suka gaya masa kafin ya taso.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba su ce komi ba, kawu."

Na san ba gaskiya ya faɗa ba, sai na riga shi kai loma.